A Koya wa Yaranmu Rubuta wa Kwamfuta Umarni Tun Daga Firamare



Iyayenmu, malamanmu, shugabannin wagga ƙungiya, ƴan uwa matasa maza da mata na Sabon Gari, da baƙinmu da sunka taso daga Tibiri da Jiratawa, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Na gode da kunka ba ni wanga lokaci a ranar bikinku. Maganar da zan yi ta shafi ƙannenmu da ɗiyanmu da ke lakwal, kuma a ƙarshenta akwai roƙon da zan yi muku, don haka ku yi haƙuri ku bi ni a hankali.

Kowanenku yana da waya a aljihu, ko kuma akwai ta a gidansu. Da ita kake aika kuɗi Yamai ta Nita ko Amana. Da ita ɗan kasuwa ke jin farashin wake a Jibiya kafin ya ɗaura kaya. Da ita tsohuwa ke aika saƙon murya ta WhatsApp ga ɗanta da ke Agadas ko Libiya. Duk abin da wayar ga take yi, wani mutum ne ya zauna ya rubuta mata umarni, layi bayan layi, ya ce idan an taɓa nan ki yi kaza, idan kuɗi bai isa ba ki ce kaza. Wanga rubutu shi ake kira kodin. Tambayata gare ku ita ce: cikin masu wanga rubutu, nawa ne sunka tashi a Sabon Gari, ko Bagalam, ko Mokoyo, ko Zariya? Nawa ne mata? Nawa ne sunka fara karatu da allo? Kun san amsa kamar yadda na sani. Mu masu saye ne da amfani, wasu can ke ƙerawa.

Bari mu fara cire tsoron abin. Kodin yana tsaye bisa ginshiƙi uku, kuma babu wanda baƙo ne gare mu. Na farko jeri, wato a yi wanga sannan a yi wancan. Na biyu sharaɗi, wato idan kaza ya faru a yi kaza, in bai faru ba a yi wani abu. Na uku maimaici, wato a yi ta yin abu har sai an kai ga wata iyaka. Ke ƴar uwa, in kina tuwo, kina ɗora ruwa kafin ki yi talge, wannan jeri ne. Ba ki zuba gari sai ruwa ya tafasa, wannan sharaɗi ne. Kina tuƙawa har sai ya yi kauri, wannan maimaici ne. Bambancin kawai shi ne kwamfuta ba ta da hankalin cike giɓi. In kinka manta ba ki ce mata ta sauke tukunya ba, za ta bar tuwon ya ƙone.

Ga misali daga kasuwarmu. Mu nan da dala da jika muke lissafi, takarda kuma da tamma take magana. Yaro ɗan aji CM1 yana iya rubuta ɗan tsarin da zai juya ɗaya zuwa ɗaya. Zai ce wa kwamfuta: karɓi kuɗin. In ya kai 1,000, cire 1,000 ki ƙirga jika ɗaya, ki yi ta yi har ya kasa kai 1,000. Abin da ya rage ki raba shi gida 5, shi ne dala. In an ba ta 2,750, sai ta ce jika biyu da dala ɗari da hamsin. Cikin wanga ɗan aiki yaron ya yi jeri, ya yi sharaɗi, ya yi maimaici, ya kuma yi ragi da rabawa ba tare da an tsare shi da bulala ba.

Shi kansa wanga ilimi yana da tushe da ya kamata ku sani. Kalmar da Turawa ke kiran tsarin warware matsala mataki-mataki, wato algoritim, daga sunan Muhammad ɗan Musa Al-Khawarizmi ta fito, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun. Wajen shekara ta 820 ya rubuta littafinsa na aljabara, kuma babban kashi na littafin lissafin gado ne da wasiyya. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya koyi rabon gado, ya san wane ne ke hana wane, ya san yadda ake fitar da asalin mas'ala, to ya riga ya saba da tunanin sharaɗi da mataki. Shi ya sa nake cewa ɗan makarantar allo da ɗan faranko-arab suna da rabo a wanga fanni daidai da ɗan kowa.

To, mi ya dame mu da wanda ya rubuta, tunda abin yana aiki? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Zan ba ku misali uku.

Na farko haruffanmu. A 1963 anka tsara a Amurka yadda kwamfuta za ta gane haruffa, anka ware gurbi 128, duk an yi su ne don Ingilishi. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Da tsarin Unicode ya zo a 1991 an samu wurin sa haruffanmu masu lanƙwasa, kuma har yau wayoyi da yawa ba su fito da su a fili ba. Shi ya sa muke rubuta baki muna nufin baƙi, mu rubuta kafa muna nufin ƙafa, mai karatu ya yi ta lalube. Waɗanda sunka yi tsarin farko ba ƙeta sunka yi muna ba. Babu Bahaushe a ɗakin ne, balle ya ce an manta da shi.

Na biyu harshen kansa. A ƙarshen 2013 Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara, kuma abin farin ciki ne. Amma na'ura tana koyo ne daga abin da anka rubuta, kuma mafi yawan Hausar da ke intanet ta jaridu da rediyo ce, wadda ta fi karkata ga Hausar Kano. In ka ce wa ɗan kabu-kabu ɗari a Maraɗi, tamma 500 kake nufi, amma na'ura 100 za ta rubuta. Yanzu akwai matasa masu bincike a ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP da ke tattara harsunan Afirka don na'ura ta iya su. Hausar Maraɗi da ta Gobir da ta Damagaram ba za su shiga ba sai in masu ita sun shiga aikin. Kuma tunda dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, nauyin ya ƙara hawa kanmu.

Na uku fuskarmu. A 2018 wasu mata biyu masu bincike, Joy Buolamwini wadda iyayenta ƴan Gana ne, da Timnit Gebru haifaffiyar Adis Ababa, sun gwada na'urorin manyan kamfanoni uku masu duban hoto su faɗi mace ce ko namiji. Kan maza farar fata kuskuren bai kai 1 cikin 100 ba. Kan mata baƙar fata ya kai kusan 35 cikin 100. Dalili shi ne hotunan da anka koya wa na'urorin da su yawancinsu na fararen fata ne. Sai da baƙaƙen mata sunka shiga fannin sannan anka lura. Irin waɗanga na'urori ake sawa yau a filayen jirgi da bankuna, kuma gobe za su iso mu.

Akwai kuma misalin abin da ke faruwa in ɗan gida ya samu ilimin. Abdou Maman Kané, ɗan Nijar, ya ƙirƙiro tsarin ban ruwa da manomi ke kunna famfonsa ya kashe ta wayar hannu daga inda yake. A 2015 anka ba shi babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu, a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. Wanda bai taɓa ganin manomi yana yini bakin rijiya ba, da wuya ya yi tunanin wanga abu. Ku mutanen Jiratawa, kun san rigimar rabon ruwa a gandun noman rani, kun san lissafin kuɗin wuta da na taki da ke hana shugabannin manoma barci. Yarinyar da ta tashi tana ganin babanta cikin wanga lissafi ta fi kowa sanin abin da ya kamata a rubuta wa kwamfuta don a sauƙaƙa shi.

Wani zai ce, ai muna da jami'a. Gaskiya ne, tun 2010 Maraɗi ke da jami'arta, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, kuma muna alfahari da ita. Amma ku duba hanyar da ake bi kafin a isa can. A aji CI za ka tarar da ɗiyar mai ƙosai da ɗan mai shago da ɗan manomi duk a benci ɗaya. Kafin CM2 wasu sun zube. A kolej, tsakanin ajin farko da jarrabawar BEPC, ƴan mata da yawa sun tafi, ƴan ƙauyen da ba su da mai riƙo a gari sun koma gida. Waɗanda ke kai wa lise har su samu bak ɗin kimiyya ƴan kaɗan ne, kuma yawancinsu maza ne na cikin gari. In sai a jami'a za a fara nuna wa yaro kodin, to mun riga mun zaɓe waɗanda za su iya tun kafin mu tambayi saura. Firamare ne kawai wurin da kowa ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Game da ƴan mata, ku riƙe wanga tarihi. Mutane shida da sunka fara tsara wa babbar kwamfutar ENIAC aiki a Amurka, wajen 1945, duka mata ne. A 1984 mata sun kai kashi 37 cikin 100 na masu samun digirin ilimin kwamfuta a ƙasar. Zuwa 2010 sun faɗo wajen kashi 18. Ƙwaƙwalwar mata ba ta canza ba cikin shekarun nan. Abin da masu bincike sunka lura da shi shi ne, da kwamfuta ta shiga gidaje, yara maza anka fi saya wa, sai sunka iso jami'a da sabo, mata kuma sunka ga kamar an riga su. Da Jami'ar Carnegie Mellon ta gane haka, ta daina fifita mai tsohon sabo wajen ɗaukar ɗalibai, ta gyara darussan farko, sai mata sunka tashi daga kashi 7 a 1995 zuwa kashi 42 a 2000. Darasin a gare mu a fili yake. A gidajenmu wa ake ba waya ya yi wasa da ita, wa ake aike talla ko ɗibar ruwa? In makaranta ba ta daidaita wanga ba, babu inda za a daidaita shi.

Yanzu bari in taɓo abubuwan da na san suna ranku.

Na ɗaya, za ku ce yaran da ba su iya karatu ba tukuna, ina su ina kodin? Magana ce mai nauyi. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa ƙasa da yaro 1 cikin 10 na ƙarshen firamare a Nijar ne ke karatu yadda ya kamata. A na 2019 an samu ci gaba zuwa wajen 3 cikin 10, amma da sauran tafiya. Saboda haka kar a ɗauki ko minti ɗaya daga lokacin karatu da lissafi. A yi kodin a gefe, kuma a yi shi yadda zai taimaki karatun. Yaron da ke son ya sa ɗan zanen da ke allon kwamfuta ya yi tafiya taku goma ya juya dama, dole ya karanta umarnin, dole ya ƙirga.

Na biyu, ina wuta, ina na'ura? Mun san halin makarantunmu. Ba mu manta da gobarar watan Nuwamba 2021 ba, wadda ta cinye azuzuwan zana a nan Maraɗi, yara sama da 20 sunka rasu, Allah ya jiƙan su. Garin da ke da irin wanga buƙata ba a ce mishi ya sayi kwamfuta ɗari. Amma farkon wanga ilimi ba ya buƙatar wuta. Tun shekarun 1990 wani malami mai suna Tim Bell a ƙasar Niyu Zilan da abokan aikinsa sunka tsara darussan koyar da tunanin kwamfuta da kati da alli da wasa. Ga ɗaya: ka tsayar da yara biyar, kowa riƙe da kati mai ɗigo 1, 2, 4, 8, 16. Ka ce su nuna 13. Mai 8 da mai 4 da mai 1 su ɗaga, saura su ɓoye. Da katin nan biyar za su nuna kowace lamba har 31, kuma haka kwamfuta ke ƙirga da a'a da i. Ga wani: ka zana gidajen dara a ƙasa, yaro ɗaya ya zama na'ura, saura su rubuta mishi umarni a allo don ya kai ga dutse. In ya kauce, su nemo layin da ya ɓata su gyara. Bayan haka sai a zo ga Scratch, wanda jami'ar MIT ta fitar a 2007 don yara. Kyauta ne, yana aiki ba tare da intanet ba, yaro na jan tubalan umarni yana haɗawa kamar gini, kuma akwai shi da Faransanci da Larabci, har an fassara shi da Hausa. Tsohuwar kwamfuta ɗaya da faifan hasken rana sun isa yara huɗu su zauna kai.

A nan ina jan hankalinku. Ƙasar Peru ta raba wa ɗalibai dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, amma binciken da anka fitar a 2012 bai ga ƙaruwa a lissafi ko karatu ba, domin an kai na'ura ba a shirya malami ba. In wani mai hali ya ce zai taimaka muku, ku fara roƙonsa kuɗin horar da malamai kafin kuɗin kaya.

Na uku, tsoron iyaye cewa na'ura na lalata tarbiyya. Tsoron yana da dalili, duk muna ganin abin da ke yawo a wayoyi. Amma ajin da nake magana ba ya buƙatar intanet ko kaɗan, kuma a gaban malami ake yinsa. Yaron da ya san cewa mutum ne ya tsara abin da ke fito mishi a waya, kuma an tsara shi ne don ya daɗe yana kallo, ya fi wuyar ruɗi bisa wanda ya ɗauka abin tsafi ne.

Na huɗu, wasunku sun ji cewa yanzu na'ura mai ƙirƙirarriyar basira tana rubuta kodin da kanta. Haka ne, tana rubutawa, kuma tana kuskure. Wanda ya san aikin shi ke iya gaya mata abin da ake so, ya kuma gane inda ta kauce. Ba na yi muku alkawarin cewa kowane yaro zai samu aiki a kamfani ba. Muna koyar da lissafi ga kowa, ƴan kaɗan ne ke zama injiniyoyi, amma tela da ɗan tireda duk suna cin moriyarsa. Haka wanga yake. Ingila ta sa shi cikin manhajar yara tun daga shekara 5 a 2014, Ruwanda ta buɗe makarantar kodin ta musamman a 2019. Mu da kusan rabin al'ummar ƙasarmu ba su kai shekara 15 ba, mun fi su buƙatar mu yi da wuri.

Ga roƙona gare ku, abu shida ne.

Ku nemi ɗalibai goma daga cikinku, biyar maza biyar mata, musamman ƴan jami'a da ƴan lise, su koyi Scratch da wasannin da ba su buƙatar wuta a lokacin babban hutu. Wata ɗaya ya isa a fara.

Ku je wurin daraktocin makarantu uku, ɗaya a Sabon Gari, ɗaya a Tibiri, ɗaya a Jiratawa, tare da kwamitin iyaye, ku nemi izinin aji ɗaya ranar Asabar da safe, awa biyu. Ku bi ta hannun hukumar ilimi, kar ku yi gaban kanku. Ku roƙi mushe ko madam ɗin ajin su zauna tare da ku, domin ku za ku gama karatu ku tafi, su ne za su zauna.

Ku raba gurbi tun kafin a buɗe ƙofa: rabi na ƴan mata, kuma a ware wa ƴan makarantun allo da na faranko-arab nasu, a tuna da kurame da guragu. In kunka ce wanda ya riga zuwa shi ke da wuri, ƴan gidan masu hali za su cika ajin kafin hantsi. Ƴan mata kuma mace ta koyar da su a inda iyaye sunka fi son haka. Nana Asma'u ta yi irin wanga tsari tun ƙarni na 19, ta horar da jajis, su kuma sunka kai karatu ga matan ƙauyuka.

Ku kula da wanda hannunsa ke kan na'ura. In yara huɗu sunka zauna kan kwamfuta ɗaya, mai ƙarfin hali zai riƙe, saura su zama ƴan kallo. A riƙa juyawa kowane minti goma, malami na duba agogo.

Ku koyar da Hausa, ku ɗauko aikin daga rayuwar yaran: lissafin dala da jika, jerin kwasar adashi, farashin tiyar hatsi daga kaka zuwa bazara, labarin da kaka ke ba su da dare. A ƙarshen shekara ku tara iyaye, kowane yaro ya nuna abin da ya haɗa da hannunsa. Uban da ya ga ɗiyarsa ta sa na'ura ta yi lissafin shagonsa, ba sai an yi mishi dogon bayani kan barinta a makaranta ba.

Ku rubuta sunan kowane yaro da kunka fara da shi. In Allah ya kai mu bikin baɗi, a karanta muna nawa sunka fara, nawa sunka kai ƙarshe, mata nawa ne a ciki, kuma waɗanda sunka bari mi ya hana su. Da wanga lissafi za ku san inda za ku gyara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayenmu ƴan kasuwa, in akwai tsohuwar kwamfuta a ofis da ba a amfani da ita, ga inda za ta yi amfani. Malamanmu, muna neman goyon bayanku wurin iyaye. Ku kuma matasa, aikin naku ne.

Allah ya yi wa wagga ƙungiya albarka, ya raya muna yaranmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.